An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Mai Digirin Kimiyya da Ladan Guminsa

Gabatarwa

Akwai wata huɗuba da ta zama ruwan dare a bakin manyanmu a 'yan shekarun nan. Ana jin ta a wurin bikin yaye ɗalibai, ana jin ta a rediyo, ana kuma jin ta duk inda aka tara matasa domin rabon kekunan ɗinki. Wai zamanin dogaro da kwali ya wuce, wai kowa ya daina jiran aikin albashi ya je ya koyi sana'a. Wasu ma kan ƙara gishiri su ce ai masu digirin yanzu ba su iya komai ba, shi ya sa babu mai ɗaukar su. Abin lura shi ne, akasarin masu wannan huɗuba sun yi karatunsu ne kyauta, sun sami aiki tun kafin tawadar takardarsu ta bushe, kuma har gobe albashi ko fansho suke karɓa a ƙarshen wata.

Ni ɗan Wagini ne, a ƙaramar hukumar Batsari ta Jihar Katsina, yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu. Injiniyancin noma na karanta, na kuma kammala hidimar ƙasa. Hujjar da nake son kafawa a wannan maƙala guda ɗaya ce: aikin kimiyya da injiniyanci yana nan jibge a ƙasarmu, har ya fi ƙarfin masu yin sa. Mai biyan ladansa ne ya ɓace. Duk wanda ya tsallake wannan gaskiya ya koma yana zargin matashin da ya yi karatu, to ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Wa ya ce mu karanta kimiyya?

Ba da ka muka ɗauki wannan hanya ba. Manufar ilimi ta ƙasa ce ta tanadi kashi 60 cikin 100 na guraben shiga jami'a ga fannonin kimiyya, ta bar wa sauran fannoni kashi 40. Gwamnatoci ne suka gina makarantun sakandaren kimiyya na kwana, suna tace yara da jarrabawa kafin su karɓe su. Jihar Katsina ta kafa jami'arta a 2006, gwamnatin tarayya ta kafa ta Dutsin-Ma a 2011, kuma duk shugaban da ya hau mumbari sai ya ce ƙasa ba ta ci gaba sai da kimiyya da fasaha. Iyayenmu sun ji, sun kuma gaskata. A yankin da ɓarayin daji suka kore shanun huɗa, suka hana noman gonakin nesa, uba yakan jinginar da 'yar gonar da ta rage masa a bakin gari domin ɗansa ya zama injiniya.

Kasadar ba ta tsaya ga dukiya ba. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Waɗannan yara neman ilimin lissafi da kimiyyar sinadarai ne ya raba su da ɗakunan iyayensu mata, ya kwantar da su a bakin daji. Idan ɗaya daga cikinsu ya daure ya kai ga digiri, da wane baki za a ce masa karatun nasa ba shi da amfani, ya je ya koyi aski?

Sai kuma asarar shekaru. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta yi yajin aiki na wata 9 a 2020, ta sake yin na wata 8 a 2022. Karatun injiniyanci da aka tsara wa shekara 5 ya cinye wa tsararrakina kusan 7. Da muka fito, sai muka tarar da sanarwar neman ma'aikata tana cewa kada mai nema ya haura shekara 26, kuma ya zo da ƙwarewar aiki ta shekara biyu ko uku. An ɗaure mutum an bar shi a rana, sannan ana tuhumar sa da rashin zuwa da wuri.

Ba haka abin yake ba a da. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kimiyyar sinadarai ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kammala a 1975. Ya koyar a kwaleji a Zariya da Katsina, daga baya ya koma aikin kamfani a Funtuwa. A zamaninsu mai digirin kimiyya zaɓi yake yi tsakanin aji da ma'aikata da masana'anta. Ƙwaƙwalwar yaran Katsina ba ta ragu ba tsakanin wancan lokaci da yau. Ƙofofin da suke shiga ne aka rufe.

Ina masana'antun suka tafi?

Injiniya ba ya tsira a sarari kamar tafasa. Sai inda ake narka ƙarfe, ake saƙa yadi, ake tace mai, ake harhaɗa mota. Arewa ta taɓa mallakar duk waɗannan. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya har unguwar Kakuri ta zama gari guda na ma'aikata, audugar Funtuwa da Malumfashi da Bakori tana ciyar da injinansu. Wannan masaƙa ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta UNTL ta tsaya a 2007. An fara harhaɗa motar Peugeot a Kaduna a 1975, an buɗe matatar mai a 1980. A Kano kuwa, Bompai da Sharaɗa da Challawa sun cika da masana'antu. Yau da yawa daga cikin gine-ginen sun koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje.

Labarin ƙarfe ya fi ciwo. An kafa kamfanin Ajakuta a ƙarshen shekarun 1970 tare da ƙwararrun Tarayyar Sobiyat, amma har yau babban murhunsa bai narka tama ba. A farkon shekarun 1980 aka gina kamfanin mulmula ƙarfe a birnin Katsina, ɗaya daga cikin uku irinsa tare da na Jos da Oshogbo, daga baya aka sayar da shi ga 'yan kasuwa. Mafarkin shi ne a haƙo tama a gida, a narka a gida, a mulmula a gida. Da sarƙar ta tsinke daga tushe, sai dubban guraben injiniyoyi suka mutu tun ba a haife su ba.

A kwatanta da Koriya ta Kudu. Ta kafa kamfanin ƙarfenta, POSCO, a 1968, ya fara aiki a 1973, shekaru kaɗan kafin mu fara namu. A kan wannan ƙarfe ta gina jiragen ruwa da motoci, kuma yau tana kashe fiye da kashi 4 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara wajen bincike. Tarayyar Afirka kashi 1 kacal ta nemi ƙasashenta su ware, Nijeriya ba ta kai ko rabinsa ba. Wutar da tashoshinmu ke rabawa ga mutum fiye da miliyan 200 tana kai-kawo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Cikin duk waɗannan, wanne ne laifin yaron da aka haifa a shekara ta 2000?

Lissafin albashi

Tun da an koya mana lissafi, bari mu yi amfani da shi. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, litar fetur kuma naira 145, wato albashin zai sayi lita fiye da 200. A Yulin 2024 aka ɗaga shi zuwa naira 70,000, amma kafin shekarar ta ƙare lita ta haura naira 1,000, wato bai kai kuɗin lita 70 ba. Da dalar Amurka, na farkon ya haura dala 80, na biyun bai kai dala 50 ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban wannan shekara. An ninka lambar da ke kan takarda, an rage tuwon da ke cikin kwano.

Wannan ma ga wanda ya dace da aikin gwamnati ke nan. Alawus ɗin masu hidimar ƙasa ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000, kuma ga da yawa daga cikinmu shi ne kuɗi mafi tsoka da za mu riƙa gani a wata na tsawon shekaru. Ranar da aka ba mutum takardar sallama, ranar samunsa ke faɗuwa. Shirin N-Power da aka fara a 2016 naira 30,000 yake biyan mai digiri, na jiha mai suna S-Power kuma naira 25,000, dukansu na wucin gadi. Ni kaina wata makarantar kuɗi ta nemi in koyar da lissafi da fiziks da kimiyyar sinadarai daga aji huɗu zuwa shida a kan naira 30,000 a wata, wato naira 1,000 a yini, ban da kuɗin mota. Lebura mai kwaɓa siminti ya fi haka samu, kuma ya cancanci abin da yake samu. Mai makarantar bai ji tsoron kowa ba, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

A wurin gini ma haka take. Ɗan kwangila zai karɓi aikin ɗaruruwan miliyoyi, ya nemo matashin injiniya ya tsaya masa a rana yana duba awo da kwaɓi, babu takardar ɗauka, babu fansho, babu inshora, sai abin da aka ga damar miƙa masa ranar Juma'a. Idan gini ya tsage shi za a fara kamawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gurbin gwamnatin da ake ce mu daina jira kuwa, an daɗe da mayar da shi haja. A ranar 15 ga Maris, 2014, fiye da mutum rabin miliyan suka biya naira 1,000 kowanne domin neman guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba, aka tattake wasu har lahira a filayen wasa. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna kan cinikin guraben aiki, shaidu suka bayyana cewa sun biya miliyoyin naira. Ɗan manomin Wagini ba shi da miliyan, ba shi da uwa a gindin murhu.

Hatta ƙidayar marasa aikin an yi mata kwaskwarima. A ƙarshen 2020 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin 100 ba su da aiki. A 2023 ta sauya ma'auni, ta ce duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi mai aiki ne, nan take adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 4. A wannan ma'auni, abokina da ya karanta injiniyancin lantarki yake cajin waya a rumfa ba ya cikin masu matsala.

Aikin da ke kwance a ƙofar gida

Duk wanda ya zaga garuruwan Batsari da Safana zai ga aikin injiniya yana kiran mai yi. Ga rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, an ƙaddamar da su da kiɗa da jawabi, bayan shekara ɗaya famfon ya ƙone ko wata 'yar na'ura ta lalace, tanki ya bushe, mata da yara sun koma tsohuwar rijiya. Sau da yawa gyaran bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ginin ba, amma babu wanda aka ɗauka domin ya kula, saboda a sabuwar kwangila ake samun rabo, gyara ba ya kawo komai.

Ga rogo, wanda yankinmu ya yi suna wajen nomansa. Saiwar rogo takan fara lalacewa cikin kwana biyu zuwa uku bayan an tone ta, don haka manomi ba shi da ƙarfin ciniki, duk abin da mai mota ya taya dole ya sallama. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, amma masana'antunta na sayo sitaci daga waje. Injin gurza da matsewa da busarwa ba sihiri ba ne, a aji huɗu na jami'a muka zana irinsa. Ga ƙasar noma da ake zuba mata taki da ka, ba wanda ya taɓa auna abin da ta rasa. Ga asibitocin karkara da ake ba da maganin zazzaɓi ba tare da gwajin jini ba, ga firjin allurar rigakafi da ya tsaya. Ga makarantun sakandare da malami ɗaya ke riƙe da darussan kimiyya uku, ɗalibi ya gama bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba.

Madatsar ruwa ta Zobe da ke Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, an kammala ta a 1983 domin noman rani da ruwan sha. Sai a 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan shanta, bayan shekara 38. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Da an shimfiɗa magudanan noman ranin kamar yadda aka tsara, injiniyoyin ruwa da na noma nawa za ta ci? Tashar samar da lantarki da iska ta Lambar Rimi, mai megawat 10, ta shafe fiye da shekara 10 ana jan ƙafa. Wani kamfanin Faransa ne ya kawo kayan da ƙwararrun, kuma aikin ya tsaya cik bayan an sace injiniyansu a Rimi a Disamban 2012. Darasin a fili yake: ƙasar da ke sayo ƙwarewa daga waje, ranar da baƙo ya tafi ranar aikinta ke tsayawa.

Amsa ga masu huɗuba

Za a ce sana'a ba abin kunya ba ce. Haka ne, da kuɗin noma da na ƙuli-ƙuli aka yi mana rajista. Amma a yi tunani: idan an kashe shekara 7 da dukiyar jama'a wajen horar da mutum, ya ƙare yana riƙe da na'urar POS, ƙasa ta yi asara sau biyu. Ta rasa injiniya, ta kuma ƙwace abincin wanda bai yi karatu ba, wanda da shi ne zai zauna a wannan rumfa. Rumfar POS nawa gari kamar Wagini zai iya ɗauka? Bugu da ƙari, injiniyanci shi ma sana'a ne, sai dai yana buƙatar wuta da jari. A Oktoban 2024 akasarin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Bankunan kasuwanci na neman ruwan da ya kai kashi 30 cikin 100, da jinginar gida mai takardar mallaka. Wane banki ne zai karɓi gonar da ke bakin dajin Rugu?

Za a ce ba mu ƙware ba. To wa ya koyar da mu, a wane ɗakin gwaji? Tun 1973 aka ƙirƙiro shirin tura ɗalibai masana'antu domin sanin makamar aiki. Yau ɗalibi kan yi watanni yana yawo da wasiƙa, ƙarshe ya sami wani ofis da zai zauna yana sa hannu a littafi. A bakin inji ake ƙwarewa, kuma babu wata ƙasa da jami'a ke fitar da gogaggen injiniya. Kamfani ne ke ɗaukar ɗanye ya gasa shi. Abin mamaki, waɗannan da ake kira marasa ƙwarewa, da zarar sun tsallaka Ingila ko Saudiyya ko Kanada sai a ji ana yabon su.

Za a ce duniya ta koma kan intanet, a koyi aikin kwamfuta a yi wa Turawa aiki daga ɗaki. Shawara ce mai kyau ga mazaunin Legas ko Abuja. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka shafe kusan wata uku ko gaisuwa ba a iya yi ta waya. Wane mai ba da aiki ne zai jira ma'aikacin da ya ɓace wata uku?

Za a ce gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa ba. Ba mu ce ta ɗauki kowa ba. Amma ita ce babbar mai sayen aikin injiniya a ƙasar nan: hanyoyi, gadoji, madatsu, asibitoci, wuta. Yadda ta kashe wannan kuɗi shi ke yanke hukuncin ko za a sami guraben aiki ko ba za a samu ba. A Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarnin zartarwa mai lamba 5, wanda ya wajabta fifita ƙwararrun gida a kwangilolin kimiyya da injiniyanci. Dokar tana nan a rubuce, aiwatarwa ce ta gagara.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, kowace kwangilar gini ta jiha ko ta ƙaramar hukuma ta ƙunshi sharaɗin ɗaukar matasan injiniyoyi na yankin da takarda da albashi sananne, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai ya nuna shaidar biya. Na biyu, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kowace daga cikin 34 da ke Jihar Katsina ta kafa rukunin masu gyara na dindindin, masu kula da rijiyoyi da na'urorin hasken rana da kayan asibiti. Jihar na da mazaɓu 361. Ko mutum biyu aka ɗauka a kowace, an samar da gurbi fiye da 700, kuma kuɗin da za a ceto daga sake gina abin da ya lalace zai biya su.

Na uku, a ba malamin kimiyya da ya yarda ya zauna a karkara alawus na musamman mai tsoka, kamar yadda aka yi alƙawari a ranar malamai ta duniya ta 2020. Na huɗu, hukumar COREN da ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa su tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya sabon injiniya, su hukunta mambobinsu masu kamfani da suka saɓa. Na biyar, a toshe kafar da ta bar ƙananan makarantun kuɗi suna biyan mai digiri abin da bai kai kuɗin buhun masara ba, a kuma haramta ƙayyade shekaru a sanarwar aiki matuƙar yajin aiki ne ya cinye shekarun. Na shida, maimakon rabon kekunan ɗinki, a gina ƙananan cibiyoyin sarrafa rogo da gyaɗa masu wutar hasken rana a manyan kasuwanninmu, a damƙa su ga ƙungiyoyin masu digiri bisa bashi marar ruwa da sa ido na gaske.

Kammalawa

Wannan magana ta wuce cikin mai digiri shi kaɗai. A kowane gida a Wagini akwai ƙanin da ke kallon yayansa. Yana ganin shekarun da ya kashe, da gonar da aka jinginar, da yadda yake fita da safe da fayil ya dawo da yamma da ƙura. Yana kuma ganin tsaransa da suka tafi haƙar zinariya, da waɗanda suka bi wata hanyar da ba a faɗa da ƙarfi, sun dawo da babur da sabuwar waya. Yaro ba ya buƙatar digiri kafin ya yi wannan lissafi. Duk ranar da ya yanke cewa boko asara ce, babu adadin jami'an tsaron da zai mayar da shi aji, kuma daji yana nan kusa yana ɗaukar ma'aikata ba tare da tambayar shekaru ko takarda ba.

Mu dai mun cika namu ɓangaren alƙawarin. An ce mu karanta kimiyya, mun karanta, cikin yajin aiki da fargabar hanya da kuɗin gonar gado. Saura waɗanda suka yi kiran su cika nasu: su buɗe wurin aiki, su biya lada daidai da gumi. Kafin nan, masu huɗubar sana'a su sassauta murya, su zo mu zaga da su rijiyoyin da suka mutu tsakanin Batsari da Safana, mu nuna musu abin da ya lalace a kowace, da kuɗin gyaransa, da wanda zai iya gyarawa.